Kwamfuta Ɗaya, Manyan Manhajoji Biyu: Shawara ga Masu Tsofaffin Na'urori a Damagaram

Da yawa daga cikinku sun fara taɓa kwamfuta ne a ajin yaƙi da jahilci, ko a shagon buga takardu, ko a ofishin ƙungiyarsu. Irin waɗannan na'urori galibi na hannu ne, sun yi aiki a wata ƙasa kafin su iso kasuwannin Kano, Maraɗi da Damagaram. A shekarar 2025 an yi wani sauyi da ya shafi kusan dukkansu. Wannan shafi zai bayyana muku sauyin, da wata dabara da masu gyara ke ba da shawararta, wato zuba manyan manhajoji biyu a kwamfuta ɗaya. Za mu duba amfanin dabarar, da haɗarinta, da wanda ta dace da shi.

Me ya faru?

Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja. Ita ce ke fara tashi idan an kunna na'ura, ita ke karɓar abin da kuka danna, ita ke ajiye takardu, kuma a kanta sauran ƙananan manhajoji ke aiki. Wadda aka fi sani a ƙasarmu ita ce Windows, ta kamfanin Microsoft na Amurka.

Windows 10 ta fito a watan Yuli na 2015. Ranar Talata 14 ga watan Oktoba na 2025, kamfanin ya daina kula da ita a kyauta. Kwamfutocin ba su mutu a wannan rana ba. Suna kunnuwa, suna buga takardu kamar da. Abin da ya tsaya shi ne gyare-gyaren tsaro da kamfanin ke aikowa wata-wata ta intanet. Ku dubi gidajen ƙasa na unguwar Birni: kowace damina katanga takan tsage, magini ya zo ya yi yaɓe. Ranar da magini ya daina zuwa gidan ba zai faɗi ba, amma tsagar da ta fito bana tana nan har baɗi, kuma ɓarawo yana kallonta.

An taɓa ganin illar wannan. A watan Mayu na 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kama kwamfutoci a ƙasashe fiye da 150. Ta kulle takardun mutane tana neman kuɗin fansa, har wasu asibitocin Ingila suka soke ganin marasa lafiya. Microsoft ya riga ya fitar da gyaran tun watan Maris na shekarar. Waɗanda gyaran bai kai gare su ba su ne suka sha wahala.

Kamfanin ya buɗe wani shiri na ƙarin wa'adi ga masu kwamfutar gida. Ana shigarsa da asusun Microsoft, wasu a kyauta, wasu da dalar Amurka 30, kuma wa'adin da aka sanar a 2025 shi ne 13 ga Oktoba na 2026. Wannan jinkiri ne kawai, ba maganin matsalar ba.

Me ya hana a koma Windows 11?

Windows 11 ta fito a watan Oktoba na 2021, kuma tana da sharuɗɗa. Tana neman ƙwaƙwalwar aiki ta giga 4, da faifan ajiya na giga 64, da wani ɗan ƙarfen tsaro da ake kira TPM 2.0. Tana kuma neman sabon injin sarrafawa: a na kamfanin Intel, galibi daga zubi na takwas zuwa sama, wanda ya fara fitowa a 2017. Ma'anar wannan ita ce, kwamfutar da aka ƙera a 2014 ko 2015, ko da lafiyarta ƙalau, ba ta cika sharaɗi ba. A ƙarshen 2023 kamfanin bincike na Canalys ya ƙiyasta cewa kwamfutoci kimanin miliyan 240 a duniya za su iya zama shara saboda wannan sauyi.

Wasu masu gyara sun san yadda ake tilasta wa tsohuwar na'ura karɓar Windows 11. Sai dai Microsoft ya faɗa a fili cewa bai ɗauki alkawarin aika wa irin wannan na'ura gyare-gyare ba.

Me ya sa abin ya shafi Damagaram?

Ga dalilai uku. Na farko, kamfanonin ƙasashen waje da suka sauya na'urorinsu ba sa binne tsofaffin. Ana sayar da su, kuma wani kaso yana biyo hanyar da kayan hannu suka saba bi zuwa kasuwanninmu. Damagaram gari ne na fatauci tun zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, kuma tsakaninta da Kano bai fi kimanin kilomita 240 ba. Mai saye zai iya samun kwamfuta mai kyan gani da araha, alhali manhajar da ke cikinta ta wuce wa'adi.

Na biyu, masu bukata sun ƙaru. Jami'ar Andire Salifu tana ɗaukar ɗalibai daga sassan jihar, shagunan buga takardu suna aiki ga masu neman aiki da masu cike takardun jarrabawa, ƙungiyoyin mata da na manoma kuma suna ajiye lissafinsu a kwamfuta.

Na uku, tsarin mulkin wucin gadi da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Duk wanda ya iya karatu da rubutun Hausa yana da dalilin koyon buga shi a na'ura. Ba daidai ba ne a ce a wannan lokaci ne za a jefar da ƴan kwamfutocin da azuzuwa suka mallaka.

Mece ce Linux?

Windows ba ita kaɗai ce babbar manhaja ba. Akwai Linux, wadda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan mai suna Linus Torvalds ya fara a 1991. Kyauta ce, kuma doka ta yarda a kwafe ta a ba wani. Kada sunan ya ba ku tsoro: wayar Android da ke aljihunku, Tecno ce ko Itel ko Samsung, a kan tushen Linux aka gina ta.

Linux iri-iri ce. Ubuntu ta fito a 2004, da kuɗin wani ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth. Linux Mint ta biyo baya a 2006, kuma fuskarta tana kama da ta Windows, shi ya sa take da sauƙi ga sabon shiga. Linux Mint 22, wadda ta fito a 2024, za ta ci gaba da samun gyare-gyaren tsaro har 2029. Tana iya tashi da ƙwaƙwalwar aiki ta giga 2 da fili na giga 20, ko da yake giga 4 ta fi daɗin aiki. Tana zuwa da Firefox don shiga intanet, da LibreOffice don rubutu da lissafi, wadda ke buɗe takardun Word da Excel. Ba talakawa kaɗai ke amfani da ita ba: a 2024 gwamnatin jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta yanke shawarar mai da kwamfutocinta kimanin 30,000 kan LibreOffice da Linux.

Amma Linux tana da iyaka. Word da Excel da Photoshop na asali ba sa aiki a kanta kai tsaye. Wasu injunan buga takarda ba su da manhajar da za ta haɗa su da ita. Takardar da aka ƙawata sosai a Word takan ɗan karkace idan an buɗe ta a LibreOffice. Daga nan ne dabarar haɗa biyun ta samo asali.

Gida ɗaya, sassa biyu, zaure ɗaya

Ku ɗauki faifan ajiya na kwamfuta tamkar babban gida. Windows ce ke zaune a cikinsa duka. Abin da mai gyara zai yi shi ne ya ja katanga a tsakiya, ya bar wa Windows sashe ɗaya, ya ba Linux ɗayan. Sa'an nan ya gina zaure a ƙofa. Wannan zaure ƙaramar manhaja ce mai suna GRUB. Duk lokacin da kuka kunna na'ura za ta nuna muku sunaye biyu, ku zaɓi sashen da za ku shiga.

Ku lura da abu biyu. Ba a zama a sassan biyu a lokaci guda. In kuna son sauyawa sai kun kashe kun sake kunnawa. Wannan yana da amfani ga tsohuwar na'ura, domin duk ƙarfinta yana tafiya ga manhaja ɗaya. Abu na biyu ya fi muhimmanci: zuwan Linux bai gyara katangar Windows ba. Idan kun shiga sashen Windows 10 kuka hau intanet, haɗarin yana nan yadda yake. Dabarar tana da amfani ne kawai idan an raba aiki: duk abin da ya shafi intanet, kamar saƙonni, cike takardu da harkar kuɗi, a yi shi a Linux. Windows kuma a cire mata intanet, a bar ta ga aikin nan ɗaya ko biyu da ba ya yiwuwa sai da ita.

Wa ta dace da shi?

Mu ɗauki misalai uku. Ga mai shagon buga takardu a Zango, wanda injin bugunsa da manhajar zanen katin biki ba sa aiki sai da Windows, amma kullum mutane na kawo masa aikin intanet. Wannan dabara ta dace da shi.

Ga sakatariyar wata ƙungiyar mata a Mirriya, wadda aikinta rubuta sunayen ƴan ƙungiya da lissafin adashi. Ba ta bukatar manhajoji biyu. Linux ita kaɗai ta ishe ta, kuma ta huta da zaɓe a zaure kowace safiya.

Ga kuma ajin yaƙi da jahilci a wani ƙauye kusa da Magarya, inda kwamfutar ba ta taɓa hawa intanet ba, koyon danna haruffa kawai ake yi da ita. Nan babu gaggawa. Abin kiyayewa shi ne ƴar ma'ajiyar USB, wadda muke kira kile, mutanen Kano kuma filas, domin ta nan ƙwayoyin cutar kwamfuta ke yawo daga shago zuwa shago.

Tambayar da za ku yi wa kanku ita ce: wane aiki nake yi wanda ba ya yiwuwa sai da Windows? In kun iya ambata shi da suna, ku haɗa biyun. In kun rasa, Linux kaɗai ta wadatar. In kuma faifanku bai kai giga 120 ba, raba shi zai matse sassan biyu.

Kafin a taɓa komai

Rigakafi ya fi magani. Jan katanga a cikin faifai shi ne wuri mafi haɗari a wannan aiki, don haka ku tabbatar da abubuwa biyar.

1. Ku kwafe duk takardunku da hotunanku zuwa wata ma'ajiya ta daban. Ku buɗe kwafin a wata kwamfuta ku ga yana buɗuwa. Kwafin da ba a gwada ba, ba a dogara da shi.

2. Ku tanadi wuta. Babban layin da ke kawo wa Damagaram da Maraɗi lantarki daga Katsina ya taso. Kun tuna yadda aka sha duhu bayan Najeriya ta yanke wutar a watan Agusta na 2023, har zuwa ɗage takunkumi a farkon 2024. Ko a yanzu wuta takan ɗauke, musamman lokacin zafi. In ta ɗauke ana tsakiyar raba faifai, za a iya rasa komai. Sai da cikakken batir mai riƙe caji, ko na'urar riƙe wuta, ko hasken rana mai batir.

3. Ku tambaya ko faifan yana kulle da BitLocker. In haka ne, akwai mabuɗin ceto mai lambobi 48. A rubuta shi a takarda kafin a fara, domin Windows za ta iya nemansa bayan aikin.

4. A kashe saurin tashi na Windows, wanda a na'ura mai Faransanci aka rubuta "démarrage rapide". In an bar shi, Windows ba ta rufe faifai sosai, kuma Linux za ta kasa ajiye takarda a sashen da suke tarayya.

5. A tabbatar na'urar mai bit 64 ce, domin sababbin Linux Mint da Ubuntu ba sa tashi a kan mai bit 32.

Yadda aikin ke tafiya

Ba lallai ne ku yi da hannunku ba. Amma ko kun kai wa mai gyara, ku zauna kusa da shi, ku san matakan.

Da farko ana sauko da Linux daga shafinta na asali. Girman Linux Mint ya kusa giga 3, saboda haka ya fi kyau cibiya ta sauko da ita sau ɗaya, kowa ya kwafa. Ana zuba ta a kile mai giga 8 da wata manhaja kamar Rufus. Wannan zai goge duk abin da ke cikin kilen.

Na biyu, ana kunna kwamfuta daga kilen. A na'urorin Dell da Lenovo galibi F12 ake dannawa, a HP kuma F9. Linux za ta tashi ba tare da ta taɓa faifanku ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai: ku duba sauti, da intanet, da injin buga takarda, ku buɗe ɗaya daga cikin takardunku. In wani abu mai muhimmanci ya ƙi aiki, ku cire kilen, ba ku yi asarar komai ba.

Na uku, in komai ya yi daidai, sai a fara girkawa. Allon zai kawo zaɓi. Wanda ake so shi ne na girkawa kusa da Windows, "à côté de Windows". Akwai wani da ke farawa da "Effacer le disque", ma'anarsa a goge faifan duka. Wanda ya danna shi ya rushe gidan baki ɗaya. A nan ne karatunku zai yi muku rana: ku karanta layin da idonku, da ƙarfi, kafin mai gyara ya danna.

Na huɗu, a ba Linux fili. Giga 20 ne mafi ƙaranci, amma 40 zuwa 50 sun fi. Sai a zaɓi yankin lokaci na Yamai, a zaɓi jerin haruffa, a sa kalmar sirri. Na'urar da ta fito daga ƙasashen Faransanci haruffanta na farawa da AZERTY, wadda aka sayo a Kano kuma galibi QWERTY. Ku dubi madannan ku zaɓi daidai, in ba haka ba kalmar sirrinku za ta ƙi ku.

Ka'ida ita ce Windows ta riga zama, Linux ta zo daga baya. In aka sake girka Windows daga baya, takan rufe zauren, sai an gyara.

Matsalolin da kan biyo baya

Agogo. Linux tana saita agogon cikin na'ura a kan lokacin GMT, Windows kuwa tana ɗaukarsa lokacin gida. Da yake Nijar tana gaban GMT da awa ɗaya, za ku iya komawa Windows ku tarar agogo ya koma baya da awa ɗaya. Ba lalacewa ba ce, mai gyara zai daidaita su cikin ƴan mintoci.

Takardu. Linux tana iya karanta sashen Windows, amma Windows ba ta karanta na Linux. In kuna son takarda ta buɗu a ko'ina, ku ajiye ta a sashen da ke da tsarin NTFS. Ku tuna cewa cutar da ta kama Windows za ta iya taɓa wannan sashe. Linux kuma, ko da cutar Windows ba ta kama ta, za ta iya ɗaukar takarda mai cuta ta miƙa wa wani.

Ɓacewar zaure. A watan Agusta na 2024 wani gyaran tsaro na Windows ya hana Linux tashi a wasu kwamfutoci masu manhajoji biyu, kuma sai bayan watanni kamfanin ya warware matsalar. Saboda haka ku adana kilen da aka girka Linux da shi. Da shi ake shiga a ceto takardu a gyara zauren.

Rubutun Hausa

Wannan shi ne abin da ya fi shafar mu. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, su ke bambanta "kafa" da "ƙafa", da kuma "daki" da "ɗaki". Windows da Linux duka suna da jerin haruffan Hausa, sai dai sai an ƙara shi a wurin saiti. Kafin ku bar shagon mai gyara, ku buga waɗannan kalmomi a sassan biyu: ɓera, ɗaki, ƙofa, ƴaƴa. Ku buga su a takarda ku gani. In wani harafi ya fito kamar ɗan akwati, salon rubutun ne ba shi da shi. Ku nemi Andika, salon rubutu na kyauta da ƙungiyar SIL ta tsara musamman don masu koyon karatu, a sa shi a sassan biyu don takarda ta fito iri ɗaya.

Abin da ya rage gare mu

Haɗa manyan manhajoji biyu hanya ce ta wucewa daga Windows 10 sannu a hankali, ba tare da an sayi sabuwar na'ura ba kuma ba tare da aiki ya tsaya ba. Tana da tsada irin tata: filin faifai ya ragu, akwai abubuwa biyu da za a koya, kuma ana bukatar mutum a kusa da ya san gyaran zaure. Ga cibiyoyin karatu da ƙungiyoyi, ga shawararmu. Ku rubuta jerin kwamfutocinku, da shekarar kowace da manhajar da ke cikinta. Ku fara gwaji da guda ɗaya, wadda ba ta ɗauke da rajistar ɗalibai. Ku zaɓi mutum biyu, mace da namiji, su koyi aikin, don kada ilimin ya tsaya a hannun mutum ɗaya. Bayan wata shida ku zauna ku duba sau nawa aka shiga sashen Windows. In an daina shiga, ku mai da filinsa ga Linux.

Ga mai shirin sayen kwamfuta ta hannu kuma, ku yi wa mai sayarwa tambaya biyu kafin ku biya: wace manhaja ce a ciki, kuma na'urar ta cika sharuɗɗan Windows 11? In amsar ita ce a'a, ba laifi ku saya, amma ku nemi ragi, kuma ku shirya sa mata Linux kafin ku hau intanet da ita.